Soke kutsen sauti tsakanin lasifika

Soke kutsen sauti wata dabara ce ta sarrafa sauti da ke hana abin da lasifikar hagu ta fitar isa kunnen dama, da na lasifikar dama isa kunnen hagu. Manufar ita ce kowane kunne ya ji nasa sautin kaɗai, kamar yadda ake samu da iyafis. Idan an yi nasara, sautin sitiriyo kan faɗaɗa har ya wuce inda lasifikun biyu suke.

Asalin matsalar

A tsarin sitiriyo na yau da kullum, ana ajiye lasifika biyu a gaban mai saurare, da kusurwar digiri 60 tsakaninsu. Kunnuwan biyu duk suna jin kowace lasifika. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, don haka yakan isa kunnen da ke nesa bayan kusan rubu'in milisakan, kuma kai ya rage masa ƙarfi. Wannan sauti na biyu shi ne kutsen. Ƙwaƙwalwa na gane inda sauti ya fito ne daga bambancin lokaci da ƙarfi tsakanin kunnuwa, shi ya sa kutsen ke tsare sautin a tsakanin lasifikun.

Yadda ake sokewa

Lasifikar dama takan fitar da kwafin sautin hagu wanda aka juya, aka jinkirta, aka kuma rage masa ƙarfi. Idan ya haɗu da kutsen a kunnen dama, sai su kashe juna. Amma shi ma kwafin yana isa kunnen hagu, saboda haka sai a sake soke shi. Ana maimaita hakan, kowane zagaye ya fi na baya rauni, har ya ɓace.

Tarihi

Bishnu Atal da Manfred Schroeder na Bell Labs a Amurka sun samu takardar mallakar wannan fasaha a shekarar 1966. A shekarun 1980 kamfanin Polk Audio ya sayar da lasifikun SDA masu ƙarin bakin da ke fitar da sautin sokewa. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna cewa kusanto da lasifikun zuwa digiri 10 yana sa tsarin ya fi jure motsin kai. Ralph Glasgal ya yaɗa tsarin Ambiophonics, Edgar Choueiri na Jami'ar Princeton kuma ya ƙirƙiro BACCH.

Gwaji a gida

Ana iya gwada abin ba tare da kwamfuta ba. A matso da lasifikun kusa da juna, a tsayar da katifa ko allon katako a tsakaninsu har zuwa hancin mai saurare. Shingen yana tare yawancin kutsen, sai a ji sautin ya buɗe zuwa gefe biyu.

Iyakoki

Dabarar na aiki ne ga mutum ɗaya da ke zaune a tsakiya. Idan ya karkata kai da 'yan santimita, sokewar takan lalace. Amsa-kuwwar bango tana rage tasirinta, kuma sokewa mai tsanani tana sauya dandanon sautin, musamman mai kauri. Saboda haka ba ta dace da gidan kallo ko taron biki ba. Ta fi amfani a gaban kwamfuta ko talabijin, inda mai saurare ke zaune wuri ɗaya.