Ƙawanyar harafi: daga katako zuwa bangon littafinmu

Wannan makon za mu ɗan ajiye alƙalami mu dubi bango. Kusan kowane bangon littafi da muke sawa a wannan zaure, sunansa an yi masa ƙawanya ne: farin harafi, baƙin layi ya kewaye shi. Mun saba da abin har ba ma ganinsa, alhali ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Talla ce ta yaɗa shi. A ƙarni na 19 garuruwan Ingila da Amurka sun cika da takardun da ake mannawa a bango, kowa na son a hango tasa daga nesa. Harafin dalma idan ya yi girma sai ya yi nauyi da tsada, don haka aka koma katako. Darius Wells na birnin Niyok ya fitar da kundin farko na haruffan katako a 1828. A 1874 William Page ya fitar da kundin haruffa masu launi, waɗanda ake bugawa sau biyu ko fiye: katako ɗaya ya buga cikin harafi, wani ya buga kewayensa da wani launi. Idan takarda ta ɗan goce, aiki ya lalace. Masu rubutun allon shago da na jikin manyan motoci a garuruwanmu su ma dabarar ke nan, sai dai su da buroshi da fenti suke yi, kuma har yau hannun wasunsu ya fi na manhaja tsabta.

Kwamfutar Macintosh ta 1984 ta sa abin cikin jerin zaɓi, kusa da mai kauri da mai karkata: danna ɗaya, harafi ya zama fanko, sai kewaye. CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989, ita ce daga baya ta zama abokiyar aikin shagunan buga takardu a nan gida.

Abin mamaki, Photoshop ce ta makara. Thomas da John Knoll suka ƙirƙire ta, ta shiga kasuwa a 1990, amma a lokacin da zarar ka ajiye rubutu a kan hoto ya zama ɗigogi kamar sauran hoton. Mai son ƙawanya sai ya zaɓi siffar haruffan, ya faɗaɗa zaɓin kaɗan, ya zuba launi. Idan marubuciya ta dawo ta ce an yi kuskure a sunanta, sai a koma farko. Leya-leya, wato ɗora abu kan abu ba tare da sun manne ba, ta zo a 1994. Rubutun da ake iya gyarawa ya zo a 1998 tare da inuwa da ƙyalli. Sai a shekara ta 2000, a fitowa ta 6, ƙawanya ta zama ado mai bin harafi da kansa: ka canja kalma, layin ya bi ta. A 2015 aka ba da damar ɗora har goma a kan rubutu ɗaya, kuma a ganinmu ba alheri aka yi wa bangon littafi ba. GIMP, wadda kyauta ce, sai a fitowa ta 3 a 2025 ta sa ƙawanya cikin kayan rubutunta kai tsaye.

Me ya sa fari da baƙi suka yi nasara? Hoto yana da wuri mai haske da mai duhu. Farin harafi kan ɓace a kan farar riga, baƙi ya ɓace a kan gashi, amma idan aka haɗa su dole ɗaya ya fito. Shi ya sa fassarar da ke ƙasan fim take haka. Hotunan barkwanci na intanet, tun wajen 2007, su ma suka riƙe salon harafin Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a Ingila a 1965, fari da baƙar ƙawanya. Nan ne inda za mu kula: wannan haɗin yanzu ido ya san shi da raha. Labarin maraici ko na kisan kai da aka rubuta sunansa haka, mai karatu zai fara murmushi kafin ya buɗe.

Ga masu haɗa bango a waya ko a shago, layin wuri uku yake zama: waje, ciki, ko tsakiya. Na ciki yana cin jikin harafi, siriri ya ƙara ramewa. Na waje ya fi aminci, amma idan ya yi kauri yana toshe cikin a da e da o, haruffa su manne da juna, a ƙaramin hoton da ake gani a waya suna ya zama dunƙule.

Sai tamu matsalar, wadda Wells da Page ba su san da ita ba. Yawancin salon haruffa na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Manhaja sai ta aro su daga wani salon, su fito sirara a tsakiyar masu ƙiba, ƙawanya kuwa ta ƙara tona asirin. Mai zane da ya gaji sai ya cire lanƙwasar, Ƙauna ta koma Kauna, Ɓarawo ya koma Barawo. Kafin a biya kuɗin bango, a sa mai zane ya fara rubuta haruffan nan uku, manya da ƙanana, a salon da ya zaɓa, a gan su da ƙawanyarsu.