Tarihin Kayan Makaranta da Batun Rufe Kai a Nijeriya

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa kayan makaranta iri ɗaya, wato yunifom, tare da ilimin boko suka shigo ƙasar nan. Makarantun mishan na Kudu, irin su CMS Grammar School da aka kafa a Legas a 1859, sun ɗora ɗalibansu kan suturar Turawa. A Arewa kuwa, makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta bar yara da rigarsu da hularsu, domin kada iyaye su ɗauka za a raba 'ya'yansu da addini da al'ada.

Da shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa da 'ya'yan talakawa, yunifom ya taimaka wajen rufe bambancin ɗan mai hali da ɗan marar hali, ko da yake kuɗin ɗinkinsa ya zame wa wasu iyaye nauyi.

Batun rufe kai ne ya fi jawo taƙaddama. A 2014 Babbar Kotun Jihar Legas ta amince da hana hijabi a makarantun gwamnati. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar a 2022.

Bisa ga wannan, muna ba masu tsara manhaja shawara da a ci gaba da yunifom na yadi mai araha, a sanya hula da hijabi masu launin makaranta cikin tsarin ba tare da tilastawa ba, kuma kada a kori yaro daga aji saboda sutura.