Daga Ninawa Zuwa Kan Kabad: Tarihin Kwafin Allunan Rubutun Ƙusa

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin yadda allunan yumɓu na tsohuwar Iraƙi suka koma kayan ƙawata ɗaki ta hanyar kwafin da ake sayarwa, tare da nazarin abin da kwafin ya tsare da abin da ya salwantar.

Rubutun da Turawa ke kira kuniform, Larabawa kuma mismari, wato mai siffar ƙusa, ya tsiro ne a birnin Uruk da ke kudancin Iraƙi ta yau, wajen shekara ta 3200 kafin miladiyya. Magatakarda kan danna bakin kara a kan ɗanyen yumɓu, sai ya bar gurbi mai faɗin kai da siririyar jela. An shafe fiye da shekaru 3000 ana rubuta harsuna dabam-dabam da shi, kafin ya mutu a ƙarni na farko na miladiyya. Mafi yawan allunan ba adabi ba ne. Lissafin sha'ir ne da na tumaki, da takardun bashi, da wasiƙu. Ba a yi su don kallo ba.

Abin da ya fito da su gaban jama'a shi ne tonon da Austen Henry Layard ya yi a kufan Ninawa, daura da Mosul, daga 1849, da wanda Hormuzd Rassam, ɗan asalin Mosul, ya ci gaba da shi a 1853. Sun ci karo da taskar littattafan Sarki Ashurbanipal, wadda gobarar da ta cinye birnin a 612 kafin miladiyya ta gasa yumɓunta, ta kuma tsare shi. Kimanin alluna da gutsattsari 30,000 aka kwashe zuwa Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan. A can ne George Smith ya karanta wani guntu mai ɗauke da labarin ruwan ɗufana, wato allo na 11 na waƙar Gilgamesh. Ranar 3 ga Disamba 1872 ya gabatar da bincikensa a wani taro da Firayim Minista Gladstone ya halarta. Tun daga wannan rana guntun yumɓun, wanda tsawonsa bai wuce santimita 15 ba sosai, ya zama abin da mutane ke marmarin gani, daga baya kuma su mallaka.

Sana'ar biyan wannan marmari ta riga allunan isa Turai. Ma'aikatar zubi ta gidan tarihin Louvre ta fara aiki a 1794, ta Berlin kuwa a 1819, sannan a Landan Domenico Brucciani ya yi wa Gidan Tarihin Birtaniya irin wannan aiki tun tsakiyar ƙarni na 19. A 1867 Henry Cole ya samu sa hannun yarimomin Turai 15 a kan wata yarjejeniya ta musayar kwafin kayan fasaha tsakanin ƙasashe. Manufar a wancan lokaci ilimi ce: a kai wa ɗalibi siffar abin da ba zai iya zuwa ya gani ba. Kantunan tsaraba na gidajen tarihi su ne suka gaji sana'ar, suka sauya mata masu saye.

Sai dai a farkon ƙarni na 20 mai son allo a ɗakinsa bai buƙaci kwafi ba. Edgar J. Banks, wanda ya taɓa zama ƙaramin jakadan Amurka a Bagadaza, ya sayar da dubban alluna na asali ga kwalejoji da ɗakunan karatu da ɗaiɗaikun mutane a Amurka. Taskokin da ya kamata a karanta su tare suka warwatsu, har yau masana na ƙoƙarin sake haɗa su a rubuce. Dokokin kayan tarihi na Iraƙi na 1924 da 1936 sun ƙuntata ƙofar, amma ba su kashe kwaɗayin ba. A watan Afrilu na 2003 an wawashe abubuwa kimanin 15,000 daga gidan tarihin Bagadaza, masu tonon sata kuma suka yi kaca-kaca da kufai a kudancin ƙasar. A 2017 kamfanin Hobby Lobby na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 3, ya kuma miƙa dubban kayayyakin da aka shigar ba bisa ƙa'ida ba. Allon mafarkin Gilgamesh da ya saya a 2014 sai a 2021 ya koma Iraƙi. Allon da aka tono a sace ya rabu da rabin shaidarsa, domin ba a san ɗakin da ya kwanta ba, balle allunan da ke maƙwabtaka da shi. Ta wannan fuska, wanda ya sayi kwafin filasta ko na roba ya fi mai tarin na asali mutunta tarihi, ko da bai san ya yi ba.

Amma kwafi suna suka tara. Akwai wanda aka zuba daga jikin allon ko daga hotonsa mai fuska uku, wanda masani zai iya karantawa. Akwai kuma na kwaikwayo, inda mai sana'a ya yi ta caka tsinke a yumɓu har abin ya yi kama da rubutu, alhali ba ya cewa komai. Ko nagartaccen ma yakan yi asara idan ya hau kabad. Allo gaba da baya ake rubuta shi, har da gefuna, kuma daga ƙasa zuwa sama ake juya shi, ba kamar shafin littafi ba. Alamominsa ba sa fitowa sai haske ya zo musu a karkace ya jefa inuwa cikin gurabun. Da zarar an manna shi a katako ko an kulle shi a firam, rabin maganar ya koma bango.

Zaɓen abin da ake kwafa shi ma yana da nasa labari. Cikin dubban ɗaruruwan alluna, 'yan ƙalilan ne ke maimaituwa. Silindar Sarki Sairus, wadda Rassam ya samo a Babila a 1879, an binne ta ne a harsashin ginin birnin bayan 539 kafin miladiyya, ba don idon talaka ba. A 1971 gwamnatin Shah ta Iran ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kwafinta a matsayin kundin haƙƙin ɗan Adam na farko, laƙabin da masana suka ƙi, tunda matanin ya bi tsohon salon sarakunan Babila ne na yabon kai a rubutun gini. Laƙabin ya bi kwafin har cikin gidaje. Shi kuwa allon Ea-nasir, raha ce ta ɗaukaka shi. Wasiƙa ce da wani Nanni ya aika wa wani ɗan kasuwar birnin Ur wajen 1750 kafin miladiyya, yana kukan an ba shi jan ƙarfe mara kyau, an kuma wulaƙanta ɗan aikensa. Barkwancin intanet ya mai da shi abin ajiyewa a tebur. Duk da haka, wannan ne ya fi kusa da ainihin abin da allunan suka ƙunsa: ciniki, da bashi, da ɓacin rai.

Rataya allo a gida kuwa ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka ƙirƙiro shi. A ƙarnonin Assuriya da Babila na baya an riƙa rubuta sassan waƙar Erra, abin bautarsu na annoba da yaƙi, a kan alluna masu ɗan wuya a sama, da huda ta zura igiya. Akan rataye su a cikin gida don neman tsari daga annoba, domin ƙarshen waƙar ya yi alkawarin kariya ga duk gidan da aka ajiye ta. An samu irin waɗannan alluna a kufan Assur da Ninawa.