Ƙunshin Zane a Wasan Minecraft: Tarihin Sauya Fuskar Bulo

Ƙunshin zane tarin ƙananan hotuna ne da mai wasan Minecraft ke ɗora wa wasan domin ya sauya kamannin ƙasa, dutse, itace, ruwa, dabbobi da kayan aiki, ba tare da ya taɓa dokokin wasan ba. Duniyar Minecraft gaba ɗayanta an gina ta ne da bulo mai fuska shida, kuma kowace fuska hoto ne aka liƙa mata. Idan aka sauya hoton, dutse yana nan da taurinsa, yashi kuma zai zube kamar yadda ya saba, amma abin da ido ke gani ya zama wani daban. Aikin ya yi kama da na mai yaɓe da zanen bango a ginin Hausa: magini ya riga ya jera tubali ya tashi, wani gwanin kuma ya zo ya ba gidan fuskar da za a san shi da ita.

Asalin zanen

Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin da aka fi sani da Notch, shi ya fito da wasan a bainar jama'a ranar 17 ga Mayu, 2009, bayan ya ga wani wasan haƙa da gini mai suna Infiniminer. Persson marubucin manhaja ne, zane ba sana'arsa ba ce. Hoton ciyawa da na tsakuwar gini ma ya kwaso su ne daga wani tsohon wasansa da bai kammala ba, RubyDung. Kowace fuskar bulo ɗigo 16 ce a tsaye, 16 a kwance, wato ɗigo 256 ke nan jimla. Dukkan hotunan bulo an jera su a fayil ɗaya tak mai suna terrain.png, wanda ke da gurbi 256. Hotunan da ake ratayawa a bango kuwa aikin wani mai zane ne, Kristoffer Zetterstrand, shi ya sa fayil ɗinsu ya ɗauki haruffan sunansa, kz.png.

Wannan sauƙin shi ne tushen komai. Fayil ɗin hoto ne na yau da kullum, wanda kowace manhajar zane za ta buɗe. Tun a watannin farko masu wasa suka gano cewa za su iya fasa babban fayil ɗin wasan, minecraft.jar, su cire hoton Persson su sa nasu. Sai dai dole mutum ya goge wata jaka mai suna META-INF, in ba haka ba wasan ya buɗe da baƙin allo ya ƙi motsi. Kuma duk lokacin da aka sabunta wasan, aikin ya rushe, sai an sake daga farko.

Daga fasa fayil zuwa ƙofar da aka buɗe

A watan Nuwamba na 2010, a fitowar da ake kira Alpha 1.2.2, aka saka wa wasan maɓallin zaɓen ƙunshin zane. Daga nan mutum zai jefa fayil ɗinsa a jaka ɗaya ya zaɓe shi, ba fasa ba gogewa. Kamfanin Mojang da ke Stockholm, wanda ke haɗa wasan, bai ƙirƙiro wannan al'ada ba. Ya tarar da ita ne tana tafiya, ya gyara mata hanya. Haka tarihin ya ci gaba da kasancewa kusan a kowane mataki: masu wasa su yi gaba, kamfani ya biyo bayan shekara ɗaya ko biyu.

Shekarun 2010 zuwa 2013 su ne lokacin da sunaye suka fito. Painterly Pack ya bar mutum ya zaɓi zanen kowane bulo daga cikin iri-iri, ya haɗa nasa. Dokucraft da John Smith sun karkata zuwa kamannin tsofaffin ganuwoyi da fadojin Turai. Sphax PureBDcraft, daga Faransa, ya ɗauki salon littattafan barkwanci masu hoto, da kauri a layi da launi mai haske. Faithful kuwa bai sauya komai ba sai ninka ɗigon zuwa 32, don wanda ke son asalin kamannin amma da ɗan laushi. Akwai kuma masu neman kamanni irin na hoton kyamara, suka kai ɗigon zuwa 128, 256, har 512. A fuskar bulo mai ɗigo 512 a kowane gefe akwai ɗigo 262,144, ninki 1,024 na asalin. Wasan a lokacin ba ya ɗaukar irin wannan nauyi da kansa, sai an haɗa da wasu manhajoji na masu sa-kai, MCPatcher da OptiFine. Su ne suka kawo dabarar haɗe zanen bulo da na maƙwabcinsa, ta yadda gilashi goma da aka jera za su fito kamar taga ɗaya babu layi a tsakani.

Shekarar 2013 ce ta sauya tsarin. Gurbi 256 na terrain.png ya kusa cika saboda sababbin bulo da ake ta ƙarawa. A fitowa ta 1.5, a watan Maris, aka warwatsa babban fayil ɗin, kowane bulo ya sami hotonsa daban, wasan kuma ya fara karɓar manyan hotuna da masu motsi ba tare da taimakon kowa ba. A watan Yuli, fitowa ta 1.6 ta faɗaɗa abin: ƙunshin ya daina tsayawa a hoto, ya haɗa da sauti, kiɗa, siffar haruffa da fassarar kalmomin wasan. A ƙarshen shekarar aka ba da damar ɗora ƙunshi a kan ƙunshi, na sama ya rufe na ƙasa a inda suka ci karo. A Satumba 2014, fitowa ta 1.8 ta bar mai zane ya taɓa siffar bulo ɗin kanta, ya rubuta tsawo da faɗin sassansa a ɗan fayil na rubutu. A watan ne kuma aka sanar da cewa Microsoft ya sayi Mojang a kan dala biliyan 2.5.

Kamfanin da kansa ya zo ya yi abin da masu wasa suka daɗe suna yi. Ya ɗauki mai zane Jasper Boerstra ya sake zana kusan komai, aka yi fiye da shekara ana fitar da gwaji ana jin ƙorafi, sannan sabon zanen ya zama na dindindin a fitowa ta 1.14, a watan Afrilu 2019. Tsohon zanen ba a zubar da shi ba: an mai da shi ƙunshi mai suna Programmer Art, wanda ke cikin wasan har yau. Abin da ya fara a matsayin asali ya koma ɗaya daga cikin zaɓi. A 2021 aka sake siffar ma'adinai domin masu matsalar bambance launi su gane ƙarfe daga zinari ta siffa, ba ta launi kaɗai ba, wanda gyara ne da ya cancanci yabo.

Ba don kyau kaɗai ake sauya zane ba. Masu gasar faɗa da juna sukan rage tsawon takobi da harshen wuta domin kada su tare musu gani, su kuma zaɓi hotuna marasa nauyi don wasan ya yi gudu. Akwai kuma ƙunshin ha'inci da ke mai da dutse kamar gilashi a ga lu'ulu'un da ke ɓoye a ƙasa. Dandalin wasan haɗaka da yawa suna korar duk wanda aka kama da shi.

Waya da kasuwa

Sigar waya ta fara fitowa a watan Agusta 2011 a kan Sony Xperia Play, sannan ta kai sauran wayoyin Android da na Apple kafin ƙarshen shekarar. Sai a 2016 ta fara karɓar ƙunshin zane a hukumance. A Yuni 2017 aka buɗe kasuwa a cikin wasan, inda masu zane da kamfanin ya amince da su ke sayar da aikinsu da kuɗin wasa da ake saye da kuɗin gaske. Daga nan wasan ya rabu gida biyu a wannan fanni. A sigar Java ta kwamfuta, yawancin ƙunshi kyauta ne, ana sauke su daga intanet. A sigar Bedrock ta waya da na'urorin wasa akwai na sayarwa, amma har yanzu mutum zai iya shigo da nasa ta fayil mai ƙarshen .mcpack, ya taɓa shi sau ɗaya ya shiga wasan. Ta ɓangaren manyan kwamfutoci kuma, a 2020 Mojang da kamfanin Nvidia suka kawo lissafin haske na gaske, inda kowane hoto ke ɗauke da bayanin ko fuskar tana ƙyalli, tana da kaushi, ko tana fitar da haske. Wannan yana buƙatar na'ura mai tsada ƙwarai.

A Fagge da Sabon Gari

Hanyar da irin wannan wasa ke isa hannun matashi a Kano ita ce waya: Tecno, Infinix, itel, waɗanda ake saye ko a gyara a shagunan titin Beirut da kewayen kasuwar Sabon Gari, ko can Farm Centre. Gidajen gem na unguwanni ƙwallo ce sarauniyarsu, kuma daga nan ne ma al'adar sauya zane ta zama sananniya: wanda ya taɓa ɗora wa ƙungiyarsa sabuwar riga da tambari a wasan ƙwallo na waya ya riga ya yi rabin aikin. Fayil ɗin ƙunshi ƙarami ne, ana tura shi daga waya zuwa waya ta Xender kamar yadda ake tura waƙa, ba sai an ƙona data ba. Kasuwar cikin wasan kuwa ta yi wa mutane nisa musamman a shekarun da bankuna suka taƙaita sayayyar ƙasashen waje da katin naira. Abin lura a nan shi ne ƙunshin zane na gaskiya hotuna ne da sauti da rubutu kawai. Duk wanda ya zo a matsayin manhajar da ke neman izinin shiga lambobin waya ko saƙonni, abin zargi ne.

Ƙarfin waya shi ke yanke hukunci kan girman zane. Waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa za ta yi zafi, ta riƙa tsayawa, ta sha batir idan aka ɗora mata hotuna masu ɗigo 128, kuma a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas batir dukiya ce. Saboda haka ma'aunin asali na 16 shi ya fi dacewa a nan, kuma wannan ba naƙasu ba ne. Yaro zai iya zana ɗigo 256 da yatsa a fuskar waya cikin ɗan lokaci, ya ga aikinsa ya bazu a bangon gida guda nan take. Da wuya a sami ƙofar shiga zanen kwamfuta da ta fi wannan araha. Ga wanda ba shi da kuɗin sayen wasan, akwai Minetest, wanda Perttu Ahola na ƙasar Finlan ya fara a 2010, kyauta ne, aka sauya masa suna zuwa Luanti a 2024, kuma shi ma yana karɓar ƙunshin zane.

Asalin kamannin wasan na arewacin Turai ne: koriyar ciyawa, itacen oak, dutse mai ruwan toka. A 2013 aka ƙara yankin daji mai busasshiyar ciyawa da bishiyoyi dangin bagaruwa, a 2022 kuma aka kawo laka. Abin sha'awa, sai an cakuɗa lakar da alkama kafin a sami wadda ake yin tubali da ita, kusan yadda maginan Kano ke kwaɓa ƙasa da ciyawa su bar ta ta tsima. Duk da haka launin bai kai jan ƙasar birni ba, ba kuma duhun bangon da aka shafe da makuba. Nan ne ƙunshin zane ke da aiki. Hoton ciyawar wasan ma ba shi da launi, toka-toka ne. Wata ƙaramar taswirar launi ce ke rina shi gwargwadon zafi da danshin yanki. Wanda ya sauya wannan fayil ɗaya ya mai da duniyar duka rani, ko ya dawo da ita damina.

Tsarin unguwannin Kano ma yana da tasiri ga mai son gina su. An shata Sabon Gari wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, irin su France Road da Ibo Road. Irin wannan shiri yana zama a kan bulo ba gardama. Cikin birni ne ke ba da wahala: lunguna masu lanƙwasa, katanga mai kauri a ƙasa da siranta a sama, zankwaye a kusurwar soro, bakan gizo a rufin ɗaki kamar na Gidan Makama. Hoto kaɗai ba ya lanƙwasa bulo. Sai an haɗa da gyaran siffa da aka samu tun 2014, kuma ko shi ana harhaɗa ƙananan akwatuna ne har su ba ido kamannin lanƙwasa. Gina unguwa ta gaske a wasan ba sabon abu ba ne a Afirka: shirin Block by Block na Mojang da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ya fara ne a 2012 da wani filin wasa a yankin Kibera na Nairobi, inda mazauna suka nuna yadda suke son wurin ya kasance.

Mafi wuyar darasi ga sabon mai zane shi ne maimaituwa. Hoto ɗaya zai jeru sau ɗari a bango, don haka gefen dama dole ya haɗu da na hagu, sama ya haɗu da ƙasa, kuma ɗigo ɗaya da ya fi sauran haske zai fito kamar layi a tsawon katanga. Zanen atamfa da shadda da ke cike da Kantin Kwari a Fagge, da na rinin Ƙofar Mata, da ɗinkin hula, duk an gina su kan maimaituwa, saboda haka suna sauka kan bulo da sauƙi. Dagi ya fi wuya. Zarensa yana bi ta sama ya koma ta ƙasa, kuma ɗigo 16 ba ya isa a nuna inda ya haye da inda ya nutse. Hanya biyu ce: ko a ninka zuwa 32, ko a raba shi kashi huɗu a kan bulo huɗu, a aro hotunan fentin yumɓu da aka ƙara wa wasan a 2017, waɗanda zanensu ke juyawa gwargwadon inda mai gini ya fuskanta lokacin da ya ajiye su.

Tun daga 2013 ƙunshi na iya ɗaukar harshe. Fayil ɗin jerin layuka ne, kowane layi da sunan abu a gefe ɗaya da kalmar da za ta bayyana a ɗaya gefen, don haka mai ƙunshi zai iya rubuta gatari, fartanya, tsani da gawayi a inda suka dace. Idan haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka ƙi fita daidai a wata siga, a cikin ƙunshin nan ɗaya ake zana su ɗigo-ɗigo a haɗa da sauran haruffan wasan.