Tsayawar Nauyin Jiki Yayin Rage Ƙiba: Dalilai da Matakan da Za A Ɗauka

Da yawa daga cikin waɗanda likita ya umarta da rage ƙiba, musamman masu hawan jini da ciwon sukari, sukan ga nasara a makonnin farko, sannan nauyin ya tsaya cak ko da ba su sauya komai ba. A nan ne wasu ke karaya su koma gidan jiya. Muna sanar da jama'a cewa wannan tsayawa aba ce da ma'aikatan lafiya suka sani, galibi takan zo a wajajen wata na 6, kuma akwai hanyoyin shawo kanta.

Dalilan tsayawar nauyi

Da farko, yawancin abin da ke zubewa a makonnin farko ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram 1 na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Idan aka rage abinci, ajiyar takan ƙare tare da ruwanta, sai sikeli ya sauka da sauri. Bayan haka sai a koma kan kitse, wanda ba ya narkewa da gaggawa.

Na biyu, jiki mai sauƙin nauyi ba ya buƙatar abinci kamar mai nauyi. Wanda ya sauko daga kilo 95 zuwa 85, abincin da a da yake rage masa ƙiba zai iya zama daidai da buƙatarsa ta yanzu. Bugu da ƙari, tsoka takan ragu tare da kitse, alhali ita ce ta fi ƙona abinci.

Na uku, jiki yakan ɗauki raguwar abinci tamkar lokacin fari. Sai ya riƙa tsimin ƙarfinsa, yunwa kuma ta ƙaru. Da haka malmalar tuwo takan ƙara girma sannu a hankali ba tare da mutum ya lura ba. A karkara kuma aikin ƙarfi yakan ragu bayan an gama kaka, amma cin abinci ya tsaya yadda yake da damina.

Yadda za a tabbatar

Nauyin mutum kan hau ya sauka da kilo 1 ko 2 cikin kwanaki saboda ruwa, cin gishiri ko jinin al'ada. Don haka muna ba da shawarar a riƙa hawa sikeli ɗaya, sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo. Idan an shafe mako 4 babu sauyi, kuma awon ƙugu bai ragu ba, to nauyi ya tsaya.

Matakan da za a ɗauka

1. A rubuta, ko a sa wani ya rubuta, duk abin da aka ci aka sha har kwana 7, har da fura, kunu, shayi da ciye-ciyen kasuwa.

2. A rage mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120. Ƙosai, masa da soyayyen nama suna shan mai sosai.

3. A rage sukari. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, a haɗa har da na lemon kwalba da zuma.

4. A ƙara wake, kifi, ƙwai da nono marar sukari domin kare tsoka, sannan a yawaita zogale, rama, alayyahu da kuɓewa, waɗanda ke ƙosarwa ba tare da ƙara ƙiba ba.

5. A ƙara motsa jiki. Shawarar hukumar ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na aiki matsakaici, irin su tafiya da sauri ko tuƙa keke, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

6. A samu barcin awa 7 ko fiye, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa.

Gargaɗi

Kada a horar da kai da yunwa. Raguwar rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ta wadatar. A guji ƙwayoyi da shayin rage ƙiba na 'yan talla, musamman waɗanda ba su da lambar hukumar NAFDAC, domin da yawansu gudawa ko fitsari kawai suke sawa. Mai shan maganin sukari kada ya rage abinci sai da sanin likita, don sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma. Mai juna biyu ba ta cikin masu rage ƙiba, mai shayarwa kuma ta fara neman shawara a asibiti. Wanda ya bi matakan nan har wata 2 babu sauyi, ya je a duba shi, saboda wasu magunguna da cututtuka kan hana nauyi sauka. Wanda kuwa yake ramewa ba da niyya ba, ya gaggauta zuwa gwajin tarin fuka da ciwon sukari.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su tabbatar akwai sikeli mai aiki da abin awon jini a kowane ƙaramin asibiti. Dagatai da masu unguwanni kuma su taimaka wajen wayar da kan jama'a cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana sauƙaƙa hawan jini da ciwon sukari. Wanda ya kai wannan matsayi ya riƙe shi, ya ci riba ko da sikeli bai ƙara sauka ba.