Yayar da Ta Tafi da Ƙanwar da Ta Zauna: Daga Manila Zuwa Ƙasar Damagaram

A shekarar 2013 kamfanin Star Cinema na ƙasar Filifin ya fitar da wani fim mai suna Four Sisters and a Wedding, wato 'yan'uwa mata huɗu da biki ɗaya, wanda Cathy Garcia-Molina ta ba da umarninsa. Fim ne na soyayya da barkwanci. Uwa ce mai suna Grace da 'ya'yanta mata huɗu da autansu namiji. Autan ya tashi ya ce aure zai yi da wata yarinya da bai daɗe da saninta ba, sai yayyen suka haɗu a gida da niyyar wargaza maganar. Duk wanda ya taɓa ganin yadda dangin ango ke auna amarya da ido zai yi dariya, don abin bai bambanta da namu ba. Sai dai suturar 'yan wasan da wasu al'adunsu ba irin namu ba ne, saboda haka uba ya fara kallo kafin ya bar wa yara wayar.

Abin da ya sa na ɗauko shi a nan shi ne rabon aikin da aka yi wa matan huɗu. Babbarsu, Teddie, tana Madrid ta ƙasar Sifaniya. A gida an san malamar makaranta ce, alhali aikin ya kuɓuce mata, ta koma aikatau da hidima a gidan abinci, kunya ta hana ta faɗa. Mai bi mata, Bobbie, tana New York da babban aiki, ita ce ke rufa wa gidan asiri, amma tafiyar ta raba ta da saurayinta, wanda ya koma wajen ƙanwarta Alex. Ta huɗun, Gabbie, malamar makaranta ce da ta zauna gida tana kula da uwa, ba ta yi aure ba. Biyu sun tafi nema, ɗaya ta zauna jinya da hidima, ɗaya kuma ana yi mata kallon wadda ba ta tsinana wa gidan komai ba.

Wannan rabon aiki yana da tarihi. A 1974 gwamnatin Ferdinand Marcos ta shigar da tura ma'aikata ƙasashen waje cikin dokar ƙwadago, lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe ayyukan gine-gine a ƙasashen Larabawa. Da farko maza ne suka fi tafiya. Daga baya mata suka cika hanya: masu jinya a asibitoci, malaman makaranta, da masu aikatau a Hong Kong da Singafo da Saudiyya da Turai. A 1988 shugaba Corazon Aquino ta tsaya gaban masu aikatau a Hong Kong ta kira su sababbin jarumai. A watan Maris na 1995 aka rataye wata mai aikatau, Flor Contemplacion, a Singafo bisa laifin kisa da 'yan ƙasarta da yawa ba su yarda ta aikata ba. Fushin da ya biyo baya ya sa a wannan shekarar aka yi dokar kare ma'aikatan da ke waje. A shekarar da fim ɗin ya fito, kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 20, kusan kashi ɗaya cikin goma na tattalin arzikin ƙasar. Don haka da 'yan Filifin suka ga Teddie tana ɓoye tufafin aikatau, kowa ya tuna da wata yayarsa.

Mu ma muna da tamu Teddie, kuma yadda ta samu kanta a hanya labari ne mai tsawo.

Damagaram ƙasar tafiya ce tun asali. Daular da ta ɗauki sunanta daga nan Damagaram Takaya, wadda ruwayoyi ke danganta kafuwarta da wani Malam da ya zo daga Barno a ƙarni na 18, ta yi ƙarfi ne bayan fada ta koma Zindar, a kan hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus ta ratsa Gat da Azbin ta sauka Kano. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe sarauta har 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa, Zango ya cika da Buzaye da Larabawa da fatake. Fata da gashin jimina da bayi suna yin arewa, tufafi da takarda da bindigogi suna yo kudu. Fatauci na maza ne. Macen da ta ƙetare hamada a wancan zamani, in ba mai niyyar hajji ba ce, to galibi baiwa ce da aka kamo. 'Yar gida tana gida, amma ba zaune take ba: ita ke saƙa da kaɗi, ita ke daka, ita ke renon ƙanne. In yayarta ta yi aure a ba ta ita 'yar zaman ɗaki. In yayar ta rasu ta bar yara, sau da yawa ita za a ɗaura wa mijin don kada marayu su faɗa hannun bare. Nauyin gida ya daɗe a kan 'ya mace, sai dai a da yana tsayawa ne cikin gari, inda ido ke ganinta.

Faransawa suka ci Zindar a 1899, suka mai da ita babban birnin yankin Nijar daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya ta kama Tarabulus, ayarin hamada ya mutu a tsaye. Haraji kuwa da kuɗi ake biyansa. Daga nan cin rani ya zama al'ada: a gama girbi, samari su gangara Kano da Katsina da Jos, su dawo da faɗuwar ruwa. Gyaɗa ta ɗan riƙe mutane a gida, musamman a kudu, ƙasar Magarya da Matamai da Kance, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Mata ma sun ci moriyarta ta hanyar mai da ƙuli-ƙuli. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan arziki, bai kuma sake miƙewa kamar da ba.

Abin da ya biyo baya manyanmu sun gani da idonsu, wani ma mu muka gani. A 1983 Najeriya ta kori baƙi. A 1984 aka rufe iyaka ana tsakiyar fari, har yunwar ta samu sunan El Buhari. A 2005 aka sake shiga wata. Maza suka juya arewa, Libiya ta zama sabuwar Kano, har 2011 da gwamnatin Gaddafi ta faɗi, dubban 'yan Nijar suka dawo hannu rabbana. Kudu kuma ga rikicin Boko Haram, ga naira tana zubewa. Ƙofofin maza suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki goma ke raba ta, bakunan da ke jiran tuwo kuma ba su ragu ba. A nan ne mata suka ɗauki hanya, musamman daga gundumar Kance: Agadas, Arlit, sannan Tamanrasat ta Aljeriya, wasu aikatau, wasu bara da yara a hannu, nasu ko na aro.

A watan Oktoba na 2013, wata huɗu bayan fitowar wancan fim a Manila, motoci biyu da suka taso daga Arlit suka lalace a hamada kafin iyakar Aljeriya. Aka tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga ƙasar Kance suke. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta fara maido da 'yan Nijar a jerin motoci bisa yarjejeniya da Yamai, kuma mata da yara na jihar Damagaram suna da yawa a ciki. A watan Mayu na 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, aka soke ta a Nuwamba 2023. Tsakanin nan, a Maris 2022, an kwaso mabarata kimanin dubu daga Dakar a jirgin sama, yawancinsu daga Kance da Magarya. Hanya ta sauya, tafiyar ba ta tsaya ba.

Ina jin haushin yadda ake saurin zagin waɗannan mata a majalisa da gidajen rediyo, a ce kwaɗayi ne, a ce sun zubar mana da mutunci. Akwai gaskiya a ciki, don wadda ta ari ɗan maƙwabciya ta kai shi bara a titin wata ƙasa ta yi zalunci, ba ni da wani suna da zan ba abin. Amma a tambayi me ake yi da kuɗin. Hatsi ne, da biyan bashi, da kayan ɗakin 'ya ko ƙanwa, da gara, da ramuwar biki. Mu ne muka mai da kayan ɗaki gasa, har uwa ta gwammace ƙishirwar hamada da a ce 'yarta ta tare da gado ɗaya da kwano shida. Shari'a ta ɗora ciyarwa a kan uba da miji, kowane malamin zaure ya san haka. Al'ada ta sauke wani sashe na kayan a kan uwa da babbar 'ya, mu maza muka yi shiru don shirun ya yi mana daɗi.

A nan ne kuma muka rabu da Filifin. Teddie ta tafi da takardar shaidar koyarwa da fasfo, ƙasarta na da hukumar da ke rajistar masu fita tun 1982, kuma duk da haka ta sha wuya. Tamu tana tafiya ba ta iya karanta sunan garin da aka sauke ta ba. Haka batun aure. A fim ɗin, wadda ta ɗauki nauyin gida aurenta ne ke jinkiri: Bobbie ta rasa saurayi, Gabbie ta zauna. A wurinmu nauyin gida gaggauta aure yake yi, don a rage baki ɗaya, ko don a aurar da ya kafin ƙanwa ta kawo kai. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Soyayyar da 'yan matanmu ke kallo a waya, ta Indiya ce ko ta Kano ko ta Manila, da yawansu kallon ne kawai rabonsu.

Wadda ta fi damuna a matsayina na malami ita ce Gabbie, wato wadda ta zauna. Nan wajenmu a Damagaram Takaya tafiyar mata zuwa Aljeriya ba ta kai ta kudu ba, maza ne suka fi fita. Amma duk wanda ya fita, uwa ce ko uba ko yaya, akwai yarinyar da ke biyan kuɗin tafiyarsa da karatunta. Ita ce za ta je rijiya, ta yi surfe, ta goya ƙane, ta ɗauki farantin talla ranar kasuwa. Ta fara da makara, sai fashin Litinin, sai barci a aji, sai wata rana benci ya zama na mutum biyu maimakon uku. Ba wanda ya cire ta daga lakwal da baki. In ka je gidan, uwa ko kaka za ta tarbe ka da mutunci ta ce, "Mushe, ai ita ce babba." Ka rasa amsa, domin ba ƙarya ta yi ba, kuma ita ma haka aka yi mata. A fim, Gabbie ta riga ta gama karatu ta zama malama kafin hidimar gida ta hau kanta. Tamu tana CE2.

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace har ta kai shekara 16. Dokar tana nan a takarda, amma ba ta ɗebo ruwa, ba ta goyon yaro. Abin da na ga yana ɗan aiki ƙanana ne: a raba aikin safe tsakanin yara maza da mata, yaro ɗan shekara goma sha biyu ba abin da zai same shi don ya tura kura zuwa famfo, ƙungiyar uwayen ɗalibai ta san gidan da uwa ta yi tafiya tun makon farko, ba sai bayan wata uku ba, dangin ango su faɗa da bakinsu, a gaban mutane, cewa ba sa jiran gara. Na ukun nan ya fi wuya, don mata ne ke auna kayan, mata ne kuma ke yin gorin.

Ga 'yan'uwana malamai, akwai lissafin da kowa zai iya yi ba tare da jiran mai duba makarantu ba. A ɗauko rajistar CI ta shekara biyar da suka wuce, a ajiye ta kusa da ta CM2 ta bana, a ja layi ƙarƙashin sunan kowace yarinya da ta ɓace. Sannan a tambayi 'yan ajin, don su sun san inda kowa take, ita ce ta nawa a ɗakinsu, kuma wa ya yi tafiya a gidan a shekarar da ta daina zuwa.