Babban Gwani (laƙabin zuriya)

Babban Gwani laƙabi ne na wata zuriyar magina a birnin Zariya, wanda asalinsa kirari ne ga mutum guda saboda ƙwarewarsa a fannin gini, sa'an nan ya bi 'ya'ya da jikoki, har unguwar da suke zaune ta ɗauki sunan. Wanda ya fara shahara da shi shi ne Muhammadu Durugu, da wasu ke kira Malam Mika'ilu, wanda a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846) ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara, ya ɗaga bakan gizo masu ɗauke da rufin soro da wata hikima wadda har yau masana gine-gine suke ta'ajjubinta.

Galibi Bahaushe da sunan mahaifinsa ko garinsu ake saninsa, saɓanin mutanen Jamus, waɗanda tun ƙarnonin tsakiya suka mayar da sana'a sunan dangi, kamar Maurer, wato magini. Saboda haka wannan laƙabi abin lura ne ga masu nazarin nasaba a ƙasar Zazzau.